Kunnen Baba Ilyas da Motar da Ba Ta Kuka

Nzeng-Ayong, Libreville
4 ga Oktoba

Baba Ilyas,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Inna Ramatou da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar da ke damunka? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya sa mu gaba, kullum ƙofar gida kamar bakin rafi. Yayana Abdulƙahar yana gaishe ka, ko da yake in ta tasa za a bi, da ba a rubuta takardar nan ba.

Baba, mota nake so in saya. Ka san wasiyyar mahaifina, Allah ya ji ƙansa: mota ba ta shiga gidanmu sai ɗan baffansa Ilyas ya ji kukanta. Shekara goma sha ɗaya da ka rufe garaji ka koma Damagaram, amma har yau duk wanda zai sayi ko da akwala ce a dangi, sai ya turo maka kukan injin ta waya, ka ce a saya ko a gudu. Ni ban isa in karya ba.

Sai dai wannan motar daban ce. Ta kuran ce, wutar lantarki take ci, ba ta shan mai. Shekararta tara. Wani Bature na kamfanin katako ne ya shigo da ita, da zai tafi ya sayar wa Joseph, mai shagon firji a unguwar Louis, mutumin Kafanchan ne, Hausarsa ta fi tawa. Da tana sabuwa kuɗinta ya isa gina gida. Yanzu abin da Joseph ke nema bai kai kuɗin taksi mai kyau ba. Wannan arahar ce ta tsaya mini a rai, don kai ka koya mana cewa araha ba ta ado.

Amma Baba, da ka gan ta! Kujerun fata, kilim, wato na'urar sanyaya ciki, mai sanyi har ƙashi, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai, ba tsayuwa a gidan mai. Joseph ya zaga da ni titin bakin teku, keken ɗinkina ma ya fi ta ƙara. Otel biyu a Louis sun ce in ina da mota ta mutunci za su riƙa ba ni baƙinsu in kai filin jirgi. Atamfar da nake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët ba ta tafiya kamar da, dole in nemi ƙafa ta biyu.

Abdulƙahar ya ce hauka nake. Wai batir ɗin ya tsufa, ranar da ya mutu motar ta zama akurkin kaji. Wai babu makanikin da ya san cikinta a garin nan, kuma unguwar da ake ɗauke wuta ba sallama, da me zan ciyar da ita? Ya rantse sai ya hana.

Jiya na ɗora waya a kanta minti biyu kamar yadda aka saba, na turo maka. Kada ka wahalar da kunnenka, ba abin da za ka ji, don ba ta da injin da zai yi kuka. Na yi ne kawai don cika wasiyya. Shawararka nake so: ta ina ake kama ƙaryar motar da ba ta magana? Joseph ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Tunda ba ka son hira ta waya, na ba Alhaji Aboubakar takardar nan hannu da hannu, tare da turmin atamfa na Inna.

Ɗiyarka,
Rakiatou

*

Damagaram
6 ga Oktoba

Ɗiyata Rakiatou,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Lafiyata ƙalau, ƙafa ce dai take yi mini gardama in na tashi daga zaune. Gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi. Innarki tana Tasawa wurin ɗiyarmu Raihana da ta sauka, an sami namiji. Sati biyu ke nan daga ni sai tukunya, kuma tukunyar ce ke cin nasara.

Na ga saƙonki a waya: "Ga kukan motar, takarda na tafe." Takarda ba ta iso ba, amma ban ga dalilin jiranta ba. Likita ba ya jiran tarihin kakan majinyaci kafin ya taɓa goshinsa.

Na saurara sau uku. Ki buɗe kunne ki ji. Injin nan ya gaji. Akwai ƙwanƙwasa can ƙasa, ƙarama, wadda ba kowa zai kama ba, fistan ɗaya ne ya saki. Zobban sun cinye, tana shan baƙin mai. Ki sa yatsa a bakin salansa, za ki fito da shi baƙi ƙirin. Mai ita ya zuba mata mai kauri don ya toshe mata baki, tsohuwar dabara ce, tun ba a haife ki ba muke kama masu yin ta.

Ni da ubanki Babayo mun taɓa zama a bakin garajinmu na Owendo muna cin rogo, wata babbar motar katako ta wuce, na ce masa ba za ta kai mararraba ba. Ko loma uku bai ƙara ba muka ga direban ya dawo a ƙasa yana neman igiya. Tun ranar ubanki bai sake sayen ko keke ba sai ya kira ni. Wannan kunnen ne yake gaya miki: kada ki saya. Ki gudu, ko kyauta aka ba ki.

Na rubuta da hannuna, na ɗauki hoton da kaina. In ya karkace, ki karkata kai. Ki gaishe da Abdulƙahar.

Babanki,
Ilyas

*

Libreville
8 ga Oktoba

Baba,

Na gode Allah da kake lafiya. Barka da samun jika, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Baba, na karanta takardarka sau huɗu. Motar nan ba ta da fistan. Ba ta da zobe. Ba ta da salansa. Ta kuran ce, duk na bayyana a takardar da ke hannun Alhaji Aboubakar. Saboda girman maganarka a wurina, sai da na ɗauki taksi har Louis, na durƙusa bayan motar da zanena a cikin taɓo ina neman salansa. Joseph ya fito yana kallona, ya ce, "Madam, ɗan kunne ne ya faɗi?" Na ce e. Ban iya gaya masa abin da nake nema ba, don ba zan bari baƙo ya yi maka dariya ba.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar. Kai ba ka kuskure a kan inji, kowa ya sani. To in ba kuskure ba ne, me ke nan? Sai na tuna ranar Juma'a da Abdulƙahar ya ce mini, yana murmushin nan nasa na gefen baki, "Bari dai Baba ya yi magana, za ki ji." Ya kira ka, ko? Ya ce ka kashe maganar ta kowace hanya, amma ya manta bai gaya maka irin motar ba. Na tare shi a shago, ya rantse wai shekara biyu rabon da ya same ka a waya, wai ba ka ɗauka. Ban yarda ba. Tun muna yara haka yake rantsuwa da ƙosai a baki.

In ba ka so in saya, ka ce ba ka so, wallahi ko ban ji daɗi ba zan bari. In kana ganin tuƙa baƙi ba aikin mace ba ne, ka faɗa, mu yi gardama a fili. Amma ka ƙirƙiro wa mota ciwo a gaɓar da ba ta da ita, wannan ya yi mini zafi, Baba. Na yi kuka, ba don motar ba.

Yanzu har na fara waiwaye. Bas ɗin da ɗan'uwanmu Yacine ya so saye bara, ka ce a gudu, aka gudu. Kunnenka ne ya faɗa, ko wani ne yake faɗa wa kunnen?

Ka yafe mini in na wuce gona da iri. Ina jiran amsa, kwanaki na tafiya.

Rakiatou

*

Damagaram
19 ga Oktoba

Rakiatou,

Muna lafiya. Innarki ba ta dawo ba tukuna.

Kwana goma sha ɗaya ina kallon layin nan naki na ƙarshe. "Ko wani ne yake faɗa wa kunnen." Ashe kin sani. To tunda kin sani, me ya hana ki tambaye ni kai tsaye, kamar ɗiya da uba? Sai ki ɗauko waya, ki ɗauki iska minti biyu, ki turo wa tsoho ki ga ko zai faɗa rami. Na faɗa. Allah ya sa kin ji daɗi.

Mutum biyu kaɗai suka san maganar nan a duniya, ni da Innarki. Ni ban faɗa ba. Ita ce ta gaya wa Raihana, Raihana ta gaya miki? Su wa da wa kuka saurara tare? Abdulƙahar bai kira ni ba, kuma takardar da kike ta ambato ban gan ta ba, ko inuwar Aboubakar ban gani ba. Na fara tunanin ko an taɓa rubuta ta.

Game da motar, in ma akwai motar. Bature ba ya barin abu mai kyau a baya. Joseph mai sayar da firji ne, ya san wuta fiye da ke, me ya sa shi bai riƙe ta ba? Me ya sa titin bakin teku kaɗai ya bi da ke, inda kwalta take sumul? Motar da ba ta kuka ba ta faɗin ciwonta, sai ranar da ta kwanta.

Ki gaya wa dangi, daga yau kada wanda ya sake turo mini kukan mota. Na ajiye.

Ilyas

*

Libreville
19 ga Oktoba

Baba, ina gaisuwa. Wallahi tallahi ban san wace magana kake nufi ba. Ban yi magana da Raihana ba tun Sallah. Ni kaɗai na ɗauki sautin, ni kaɗai na tura. Ramin me zan haƙa maka? Na kira gidan Alhaji Aboubakar, sun ce hanya ce ta tsaya masa a Kwatano, amma ya taso. Kada ka ajiye komai sai ka karanta takardar.

Rakiatou

*

Damagaram
25 ga Oktoba

Ɗiyata Rakiatou,

Gaisuwa da neman afuwa. Lafiya muke. Innarki ta dawo shekaranjiya, Aboubakar ya iso jiya, kamar sun haɗa baki su kunyata ni a mako guda. Atamfa ta yi kyau, tana godiya.

Na karanta takardarki ta huɗu ga wata. "Kada ka wahalar da kunnenka, ba abin da za ka ji." Da na kai nan na ajiye ta, na rufe fuska. Innarki ta ce in ban rubuta miki gaskiya ba, ita za ta rubuta, kuma rubutunta ba shi da ladabi.

Rakiatou, ba na ji. Shekara biyu ke nan. Kunnen dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu sai in an yi tsawa. Shi ya sa na daina ɗaukar waya na ce takarda ta fi mutunci. In aka turo kukan mota, sai in ciji gefen wayar da haƙora, girgizar ta bi ƙashi ta hau kaina. Abin da ya kuɓuce mini, Innarki ta saurara ta kwatanta mini da baki da hannu, ni kuma in fassara. Shekara arba'in tana kawo mini abinci garaji, ashe ba kwano kaɗai take ɗauka ba. Bas ɗin Yacine haka muka yi shi, kuma ba mu yi kuskure ba.

Ranar da naki ya zo, ba ta nan. Na ciji wayar, shiru. Na ƙara murya har ƙarshe, shiru. Na ce shi ke nan, ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Tsoro ya kama ni, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a ƙarƙashin mota. Ni ba ni da gona mai yawa, ban yi karatu ba, abin da ake kirana dominsa a dangi ke nan. Sai na ɗauko ciwon da ya fi yawa a tsofaffin motoci na liƙa wa taki. Ƙarya na yi miki. Abdulƙahar ba shi da hannu, ki nemi gafararsa, ko da yake ƙosan nan ya ci su.

Yanzu ga aiki. Innarki ta saurari sautin naki, ta ce ba shiru ba ne. Ban da ruwan sama da hon na taksi, akwai wani abu mai zuuu kamar injin niƙa daga nesa, ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi. Ta ƙirga sau huɗu. Wannan na san shi. Manyan motoci irin taki ba kan sifirin na ƙarfe suke zaune ba, kan jakunkunan iska suke, kamar manyan bas da na gyara a Owendo, kuma famfo ne ke cika su. Mota tana tsaye, famfo ya tashi sau huɗu a minti biyu, to wata jaka tana yoyo.

Ki sa Joseph ya kawo ta gidanki ta kwana, makulli a hannunki. Da yamma ki auna tsakanin kowace taya da jikin motar da yatsunki. Da safe, kafin kowa ya taɓa ta, ki sake aunawa. Sannan ki cika ta da wutar gidanki, ki ga tsawon lokacin da take ɗauka. Ki ɗauki mutum huɗu masu nauyi, kilim a kunne, ki je garin Ntoum ki dawo, ki ga abin da batir ya ci da abin da ya yi alkawari. Ki shafa cikin tayoyin, mota mai nauyi daga ciki take cin su. Kuma kada ya gaya miki akwai makaniki, ya kai ki ki ga hannun makanikin.

Sauran kuma ya rage naki. In kin ga dangi ya kamata su sani, ki faɗa, ba zan riƙe ki ba. Hakkinsu ne su san wa suke tambaya.

Babanki,
Ilyas

*

Nzeng-Ayong
1 ga Nuwamba

Baba Ilyas,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kai da Inna. Ka gaya mata na durƙusa har ƙasa. Ni ma ka yafe mini zargin da na yi maka.

Joseph bai so motar ta kwana a gidana ba. Ya ce ɓarayi, ya ce ruwan sama, ya ce inshora. Na ce to ciniki ya mutu. Sai ga shi ya kawo ta. Da yamma kowace ƙafa yatsa huɗu. Da safe uku suna nan yadda suke, ta baya ta hagu kuwa yatsa ɗaya da ƙyar ya shiga, motar ta karkace kamar tsohuwa mai ciwon kwankwaso. Da ya zo, na nuna masa. Ya riƙe ƙugu ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce Babana na Damagaram, daga sautin waya. Ya ce, "Haba Madam! Motar da ba ta da ƙara? Tsohon nan naku mutum ne kuwa?" Daga nan ya faɗi gaskiya: duk ranar da zan zo, sai ya kunna ta minti goma kafin in iso don ta miƙe.

Mun je Ntoum, ni da mata uku na layin atamfa, ka san ba a raina mu a sikeli. Allon motar ya yi alkawarin kilomita ɗari uku. Mun yi tamanin, ya cinye ɗari da talatin. Maƙaryaci ne, amma ƙaryarsa ta isa Louis zuwa filin jirgi sau da yawa a rana. A soket ɗin gida kuwa ta wuni ta kwana ba ta ƙoshi ba, ga wuta an ɗauke sau biyu, dole in ja waya mai kauri. Tayoyin baya sun cinye daga ciki. Makaniki ɗaya ne tak a garin, na gan shi, na ga hannunsa. Jakar iska sai an yi odarta daga waje, sati uku. Na ce wa Joseph ya gyara, ta sake kwana a gidana, in yatsuna sun yarda zan saya. Har yanzu ban gama yarda da shi ba, batir ɗin ma ban yarda da shi ba, amma yanzu na san abin da nake saye.

Baba, a hanyar dawowa daga Ntoum matan sun yi barci. Gilasai a rufe, motar ba ta cewa komai. Ina ganin masu talla suna buɗe baki, ina ganin ɗan sanda da usur a leɓe, babur ya wuce, duk ba sauti. Sai na ce a raina, ashe a nan Baba yake zaune shekara biyu, shi kaɗai, mu kuwa muna ta turo masa ƙarar motoci. Sai da na tsaya a gefen hanya na share ido.

Wasiyya ta ce sai Ilyas ya ji kukanta. Ya ji. Da wane kunne ya ji, babu ruwan wasiyya. Akwai likitan kunne a nan da ake yabo, in ka yarda ka zo, ni zan ɗauko ka daga filin jirgi, ka zauna a kujerar baya kamar baƙon otel. Wannan tsakaninmu ne.

Na nemi gafarar Abdulƙahar. Tun da ya ji labarin ƙafar hagu, shi ke yawo da shi a Mont-Bouët, har ya ƙara gishiri, wai daga numfashin motar ka gane. Ya ga wata ƙaramar bas da yake so, gobe zai ɗauki kukanta. Ya tambaye ni ko wayarka ta gyaru. Na ce masa har yanzu ba ta kama rezo sosai, layi yana yankewa, gara ya tura ta wayar Inna.

Ɗiyarka,
Rakiatou